Ƙafata da Motar Baba

Har yau idan aka zauna hira a gidanmu aka taɓo zancen motar Baba ta farko, sai wani ya ce ai rubutun da aka wanke wa Kulu ƙafa da shi ne ya sa motar ta daina mutuwa a hanya. Ni ce Kulu, kuma ba haka aka yi ba. Na gaji da gyara wa mutane zancen a gidan suna da gidan biki, suna yi mini murmushin nan na ai mun san ki da gardama. Shi ya sa na zauna in faɗe shi daga farko, wanda ya ga dama ya yarda.

Wata Asabar ce ta bazara, shekara guda bayan an sake buɗe bodar Illela, ina aji shida na firamare. Mun ɗauki hanyar Gwadabawa za mu sunan ɗan wani kawuna. Baba na tuƙi, ƙanwarsa Goggo Ige na zaune a bayansa da ƙaton kwanon alkaki a cinya, ni da ƙanena Sani muna gefenta. Mun wuce Amarawa, mun yi nisa sosai, rana ta take, sai motar ta yi wata 'yar shaƙuwa ta yi shiru. Ba hayaƙi, ba ƙara, ta gangara gefen titi ta tsaya. Baba ya murza makulli, inji ya juya ya juya bai kama ba. Ya fita ya buɗe gaban mota ya tsaya yana kallon abin da bai sani ba. Wannan shi ne karo na uku da ta yi mana haka, kuma duk ukun ina ciki. Goggo ba ta kalle ni ba, ta leƙa ta taga ta ce da Baba, "Yaya, a sabke ɗiyag ga mu gani."

Aka sauke ni. Ba a bar ni kusa ba, Goggo ta nuna mini wata aduwa can nesa da titi ta ce in je ƙarƙashinta in tsaya. Na tafi ina taka yashi mai zafi da silifas ɗina na salla. Daga can ina hango su: Baba ya ɗauko buta ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a inuwar motar ya yi azahar, ya daɗe yana jan carbi. Sani ya manna fuska a gilashi yana kallona. Da Baba ya shafa addu'a ya koma ya murza makulli, sai ta tashi tashi ɗaya, lafiya lau. Aka yafuto ni na shiga. Ba mu yi wata tafiyar kirki ba ta sake mutuwa. Aka sake sauke ni, aka sake jira, ta sake tashi. A karon nan Goggo ta gyara zaman kwanonta ta ce, "Mi nac ce muku?" Ni kuwa sai na kalli ƙafafuna, ban ga komai ba sai ƙura da ragowar lalle.

Motar nan Baba ya sayo ta ne a hannun wani bature da ya gama aikin haƙar rijiyoyi a Nijar zai koma ƙasarsu. 'Yar Faransa ce mai dogon baya, shuɗiya, ba irin Fijon da ta cika tashar Illela ba. Ranar da ta shigo unguwarmu yara sun bi ta da gudu har ƙofar gida, mata na leƙe ta katanga, aka yanka kaza aka yi sadakar waina. Sana'ar Baba ita ce kai robobi da sabulu da kwanukan samira Ƙonni, can ƙetaren boda a Nijar, ya dawo da atamfa. Tsakanin Illela da Ƙonni kuwa tafiya ce da ko mai keke ba ya kiranta tafiya. Kullum ya je ya dawo, motar ba ta taɓa ko tari ba. Idan Sakkwato za shi sayen kaya, motar haya yake shiga, wai kada a wahalar da tasa. Ba a fitar da ita doguwar hanya sai don zumunci, kuma zumunci ba a zuwansa ba da ni ba, tunda ni ce babba, ni ke riƙe kwano in riƙe yara. Mun je Tozai gaida kakata, ta mutu cikin yashi. An kai ni asibiti Sakkwato ina ciwon kunne, ta mutu kafin Kware. Wannan lissafin duk yanzu nake yin sa. A lokacin abu ɗaya kawai mutane suka gani: idan Kulu na ciki mota ta mutu, idan an sauke ta mota ta tashi.

Farar ƙafa suka kira shi. Kalma ce da na saba jin ana jifan amare da ita, macen da aka ce daga shigowarta gida arzikin miji ya kama zubewa. Ban taɓa jin an liƙa wa yarinyar da ko zane ba ta iya ɗaurawa da kyau ba, sai a kaina. Goggo Ige ta zauna a tsakar gida tana tsince wake tana tono tarihi. Ta tuna cewa a shekarar babban fari aka haife ni, shanun kakanmu suka ƙare. Ta tuna cewa makon da aka fara aikena kai wa Baba abinci shago, a makon gwamnati ta rufe boda. Wato ni na hana ruwan sama, ni na rufe iyakar ƙasa biyu. Yanzu abin dariya yake ba ni, amma wallahi a lokacin matan gidan gyaɗa kai suke yi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu har kirana ta yi wai in miƙo mata tsintsiya, ashe dunduniyata take son dubawa.

Za a ce ina uwata take. Tana nan, tana jin komai. Ni 'yar fari ce, kuma a gidan da na tashi uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta tare mata faɗa a gaban mutane. Inna ba ta taɓa ce mini Kulu ba, "ke" take cewa, ko ta ce da Sani ya kira waccan. Baba ma haka, kunyata yake ji kamar surukarsa. Duk abin da ya shafe ni a hannun Goggo yake, ita ke yanke shawara, su nasu shiru. Don haka Goggo na magana, Inna na gaban murhu tana toya ƙuli-ƙuli, kanta a sunkuye, sai dai na lura wani lokacin tana barin sa ya ƙone, abin da ba halinta ba ne.

Baba bai yarda nan take ba, wannan dole in faɗa. Mutum ne mai zuwa karatu, ya san camfi ba addini ba ne. Ya kai motar garejin Mudi, bakaniken da duk Fijon garin ta san hannunsa. Mudi ya buɗe inda ya saba samun kwantak, wato 'yan ƙarafan nan da ke ba inji wuta, bai same su ba, sai wayoyi da wani ɗan akwati a rufe. Ya wanke kafireta, ya canza fulogi, ya duba lagireto. Duk lokacin da ya murza makulli a inuwar rumfarsa sai ta tashi. A ƙarshe ya goge hannu ya ce shi bai ga ciwo a jikinta ba, in akwai wani abu to ba na ƙarfe ba ne. Baba bai tsaya nan ba, ya yi nasa gwajin. Ya ɗauke ta shi kaɗai ya zaga gari, ya je Amarawa ya dawo, ya tsallaka Ƙonni ya dawo. Ko gezau. Gwajin nan shi ya ƙarasa ni, don daga ranar ya daina cewa Goggo ta bar zancen.

Babu wanda ya doke ni, babu wanda ya zage ni. Kawai ayyuka aka dinga cire mini ɗaya bayan ɗaya. Da ni ke kai wa Baba ruwan wanka da safe, aka ce Sani ya dinga kaiwa, kada ya fara tozali da ni kafin ya fita kasuwa. Ɗakin da ake ajiye robobi aka sa masa kwaɗo, alhali ni ke share shi. Idan na ɗebo ruwa daga rijiya sai in zagaya ta bayan turken awaki don kada in gifta ta gaban motar. Lokacin cirar albasa da aka tafi fadama, aka bar ni gida da jiran shanya. Zancen ya fita waje, don babu sirrin da ke kwana a gidan da ake sayar da ƙuli-ƙuli. A makaranta muna cikin shirin jarrabawar shiga sakandare, malaminmu na lissafi ya zo da kekensa taya ta fashe, wani yaro daga baya ya ce a tambayi Kulu ko ta taɓa shi. Aji ya kwashe da dariya. A dandali idan ana gaɗa, na faɗa baya sai in ji hannuwan da za su tare ni sun yi sanyi, kowa na gudun in taka ta. Na daina zuwa. Ƙawata Luba kaɗai ke zuwa mu yi 'yar carafke a zaure, ita ma sai ta leƙa ta ga uwarta ba ta kallo.

Na fara zargin kowa, ni ma. Idan mata biyu suka yi ƙasa da murya sai in ce da ni suke. Idan aka ba ni nama babba sai in ce lallashi ne kafin a yi mini wani abu. Kuma ban yi kuskure ba. Wata rana da la'asar ina wanke-wanke bayan ɗakin Goggo na ji tana gaya wa Baba cewa ta gama magana da kakata: da zarar ruwa ya sauka za a kai ni Tozai in zauna can, in taya tsohuwa aiki, a ga ko kasuwa za ta ƙara buɗewa. Baba ya ce jarrabawa fa. Ta ce jarrabawa ba ta fi abincin gida ba. Na jira in ji ya ce a'a. Sai na ji ƙarar takalminsa yana fita.

Ban yi shawara da kowa ba, don ba ni da wanda zan yi da shi. Tunanina ɗaya ne: sun ce idan ina ciki ba ta tafiya, to bari in shiga ba su sani ba mu gani. Ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, bayan an loda robobi a baya an rufa tamfol, Baba ya koma ciki karin kumallo. Na lallaɓa na ɗaga ƙofar baya na cusa kaina tsakanin bokitai da bahunan wanka. Ina jan tamfol sai muka haɗa ido da Inna, ta fito zubar da toka. Ta tsaya. Na ce shi ke nan. Sai ta juya ta koma ciki, can ta sake fitowa kamar mai neman kaza, ta gifta ta gefen motar ta jefo mini wani ƙullin leda ta wuce ba ta waiwayo ba. Ƙuli-ƙuli ne mai ɗumi.

Motar ta tashi. Ina kwance ina jin kowane rami a haƙarƙarina, warin roba ya cika mini hanci, ina jiran shaƙuwar nan. Ba ta zo ba. Muka tsaya, na ji muryoyi da dariya, na san boda ce. Kwastan sun saba da Baba, sau da yawa hannu kawai suke ɗaga masa, amma ranar wani baƙo aka kawo. Ya ɗaga tamfol muka yi ido huɗu, bakina cike da ƙuli. Ya ja da baya ya kwashe da dariya ya ce, "Alhaji, wannan kayan ba ka faɗa mana da shi ba." Baba ya zagayo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kunya da fushi sun haɗu. Ya ce, "Ke! Mi kika yi nan?" Na sauko, bakina kuwa bai mutu ba. Na ce, "Tun gida ina ciki, kuma ba ta mutu ba." Ya ɗaga hannu, na rufe ido. Marin bai sauka ba. Da na buɗe ido motar yake kallo, tana tsaye injinta na aiki a hankali. Ya buɗe ƙofar tsakiya ya ce in shiga.

Muka isa kasuwa ya sauke kaya. Daga nan bai nufi gida ba, ya bi wani lungu zuwa garejin wani da ake kira Isuhu, wanda aka ce ya yi shekaru a Yamai yana gyaran motocin turawa. Baba ya daɗe da jin labarinsa, abin da ya hana shi zuwa shi ne tsoron da duk ɗan Illela ke yi wa garejin ƙetare, cewa za a cire maka abu mai kyau a sa maka ruɓaɓɓe. Su ma can haka suke cewa da namu. Kafin ya ba da makulli sai da ya ciro ɗan gwangwanin jan fenti daga ƙarƙashin kujera ya ɗiɗɗiga a kan batir da kafireta da duk abin da hannunsa ya kai. Isuhu, wani dogo mai sigari a kunne da girman kai, ya tsaya yana kallonsa ya ce, "Elhaji, ka sa ma tayoyin ma, kada in sace su kana zamne."

Ya tambayi yadda take yi, Baba ya faɗa masa, ya tsallake zancena. Isuhu bai kwance komai ba. Ya tayar da ita, ya rufe gabanta, ya bar ta a tsakiyar rana tana aiki, ya koma ƙarƙashin wata motar. Baba ya zauna a benci ya zuba mata ido. Ni kuma ya ba ni sefa, kuɗin can, ya ce in tsallaka titi in sayi fura in zauna can. Ina zaune wajen mai furar, an daɗe har na fara gyangyaɗi, sai na ji shiru. Ta mutu. Kuma abin da ba zan manta ba shi ne, Baba bai fara kallon motar ba. Sai da ya waiwayo ya nemi inda nake. Ya gan ni can ƙetaren titi da ludayi a hannu, sannan ya sunkuyar da kai.

Na ajiye furar na tsallako, ba wanda ya hana ni. Isuhu ya zare wayar fulogi ɗaya ya kusantar da ita jikin inji, ya sa Baba ya murza makulli. Babu tartsatsin wuta. Ya ɗebo ruwan randa a gwangwani ya zura hannu can bayan inji, inda ya haɗu da akwatin giya, ya tsiyaya a kan wani ɗan abu baƙi. Ya ce a murza. Ta tashi. Baba bai yarda ba, ya ce ko dai wata waya ya taɓa da ɗayan hannun. Isuhu ya yi tsaki, aka sake jira ta sake mutuwa, ya miƙa wa Baba gwangwanin ya ce ya zuba da kansa. Ta tashi. Isuhu ya ce sunan abin kaftar da Faransanci. A cikin inji akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa, shi kuma wannan ɗan abin yana zaune a bakinsa yana jin wucewar haƙoran, shi ke gaya wa akwatin wuta lokacin da zai ba fulogi wuta. Siririyar wayar da ke cikinsa ta tsufa, in ya yi zafi sai ta saki, in ya huce ta koma. "Motag ga ba Fijo ta ba," in ji shi. "In ta yi zahi, ku ba ta lokacin salla guda, ta tashi, ko wa ke ciki." Ban san ko wani ya tsegunta masa ba ne, ko kuwa magana ce ta zo masa haka. Ba shi da sabo, sai an aiko daga Yamai, Laraba mai zuwa.

A gida na tarar an juya gari ana nemana. Goggo ta zane ni da igiyar guga, wannan kam na ci, ban kuma yi kuka ba. Da Baba ya yi mata bayanin kaftar sai ta ce bakanike neman abincinsa yake yi, dole ya samo abin da zai sayar. Washegari ta je wajen wani malami ta karɓo rubutu. Kowace safiya a wannan makon sai ta zaunar da ni a kan turmi ta wanke mini ƙafafu da shi tun daga idon sawu. Ban raina rubutu ba, na sha shi ina ciwo kuma zan sha. Amma ina zaune kan turmin nan ina kallon tsakiyar kanta, na san abin da take shiryawa. Idan mota ta gyaru, ita ta gyara ta.

Da Laraba ta zagayo, Baba ya tsaya a ƙofar zaure ya ce da iska, "A ce wa waccan ta ɗauko takalminta." A kujerar gaba ya sa ni. Isuhu ya fito da abin daga kwali, bai fi babban yatsan Baba ba, da wutsiyar waya. Baba ya jujjuya shi yana neman alamar tsufa, har da shinshinawa. Aikin da na ɗauka za a wuni ana yi bai kai dahuwar shayi ba. Isuhu ya cire kan batir, ya kwanta a kan injin da cikinsa, ya zura sifana ta wani matsattsen wuri yana zagin wanda ya ƙera motar, ya kwance noti biyu, ya zare wayar daga mahaɗinta. Tsohon ya fito baƙi ƙirin, bakinsa ya yi gashi da garin ƙarfe, don mayen ƙarfe ne a ciki. Ya goge gurbin da tsumma, ya zaunar da sabon, ya fara ɗaura notin da yatsa kafin ya sa sifana, ya bi da wayar nesa da bututun hayaƙi ya ɗaure ta. Baba ya karɓi tsohon ya sa aljihu, ya bi ɗigon jan fentinsa ɗaya bayan ɗaya ya ga suna nan. Isuhu ya ce Allah ya sa duk 'yan Najeriya ba haka suke ba. Baba ya ce amin, da na Nijar.

Muka tsallako boda, na ɗauka gida za mu. Sai na ga mun wuce kwanar unguwarmu, mun wuce tasha, mun miƙi hanyar Sakkwato da tsakar rana. Gonaki na wucewa an yi sharar su ana jiran ruwa, jakuna ɗauke da kara, mata da tuluna. Muka wuce Amarawa. Na ga ruwan randa da idona, na ga noti biyun, amma makonni ana gaya maka abu, sai ya sami wurin zama a cikinka. Ban san lokacin da na ɗage ƙafafuna daga ƙasan motar ba. Na riƙe su a sama, cinyoyina na rawa, na hango aduwar nan ta taho ta wuce. Muka shiga Gwadabawa muka fita. Baba idonsa na kan titi, ban zaci ya lura ba. Sai na ji ya ce, a hankali, "Kulu, sabke ƙahwahunki." Shi ne karo na farko da na ji sunana a bakinsa. Na sauke su. Motar ta ci gaba da tafiya, har Sakkwato, har muka dawo.

Babu wanda ya ba ni haƙuri, ba a yin haka a gidanmu. Ruwa ya sauka ba a sake ambaton Tozai ba. Wata safiya na ga an cire kwaɗon ɗakin robobi, tsintsiya na jingine a ƙofar. Na zauna jarrabawa na tafi sakandare, a motar nan aka kai ni da akwatina. Goggo kuwa ta zaga dangi tana ba da labarin yadda ta tsaya a kaina har Allah ya yaye mini, kuma labarinta ya fi nawa daɗin ji, shi mutane suka riƙe. Kun ga inda matsalar take: wanda ya ce an warkar da ni, ya yarda ke nan da can ina da ciwon.

Yanzu motocin da ke shigowa ta bodar nan kusan duk da irin wannan na'urar suke zuwa, a garejin Mudi ma a cikin kwano ake tara su, ba mai tsallaka ƙasa dominsu. Baba ido ya yi rauni, ya bar tuƙi, yana zaure yawancin yini da rediyonsa. Wani lokacin idan na kai masa abinci nakan tsaya kaɗan, ko zai sake kiran sunan nan, sai ya ce an gode, ya kawar da kai. Ina kewar wannan hanyar, mu biyu, ba mai magana. Watan jiya Sani ya sayi bas ta haya, ranar farko ya kwashi gidan kaf zuwa gaida dangi, da na fito da mayafina sai ya sosa ƙeya ya ce wuri ya cika, gobe ya kai ni. Na leƙa, na ga kujera biyu babu kowa. Ashe abin bai tafi ba, kwanciya ya yi.

Ban yi masa faɗa ba, na gama faɗa a kan wannan. Akwai wata malama da muka yi makaranta tare, tana da mota a Sakkwato, na je na same ta mun gama magana. Ranar Asabar za ta fara koya mini tuƙi.